Ɗibar ruwan kowane hawa daban tun ana cikin tonon bohol, ya ake yi?

SabonShiga:

Assalamu alaikum manyanmu. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe a harkar tonon bohol, ni ba injiniya bane kawai dai an ɗora min kula da aikin ne. Akwai tsohuwar bohol a filin namu zurfinta mita 45, ruwa kam masha Allah akwai shi, amma da muka kai lab sai suka ce sinadarin naitiret ya kai miligiram 90 a lita, ga kuma ɗan zartsi da kake ji a harshe. Shine muka yanke shawarar tona sabuwa wajen mita 140. Mai tonon yace sai an gama komai sannan a ɗebi ruwa a kai gwaji, ni kuma abinda ke damuna shine in an riga an saka kesin, wato bututun da ke riƙe bangon ramin, an zuba tsakuwa an ɗaure komai sannan aka gano ruwan bashi da kyau ai aikin gama ya gama. Da na matsa masa sai yace to in riƙa tara jarka a bakin rami duk sanda aka ci wani ido. Haka ake yi kuwa? Babu wata hanya da za a san ruwan mita 60 daban, na mita 100 daban?

TsohonMaiTono:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa tambayar taka tayi, amma baka faɗa mana da me zai tona ba, iska ko laka? Don nan ne maganar take rabuwa.

In da iska ne, wato kwamfuresa da hamma, ruwan da kake gani yana feshowa a bakin rami haɗaka ne, iskar tana kwaso na ƙasa ta haɗa da duk wanda ke zubowa daga sama kafin su fito. Kaga in ido na farko yana bada ruwa mai yawa to jarkarka ta mita 100 rabinta ko fiye ma na mita 40 ne. Sai dai in an bi da kesin an toshe na saman tukuna. In kuma da laka ake yi to jarkar ma ɓata lokaci ce gaba ɗaya, abinda ke dawowa ruwan tankar da ku kuka zuba ne haɗe da bentonayit, wani irin yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa, lakar ma aikinta kenan ta shafe bangon rami ta hana ruwan ƙasa shigowa. Ka kai wannan lab to ruwan tanka ka biya aka gwada maka.

SabonShiga:

Na gode baba. Da laka zai yi, yace wurin yashi ne da yumɓu hawa-hawa babu dutse, rami zai rufta in akayi da iska.

MaiDubanƘasa:

To tunda laka ce bari in faɗa maka yadda muke yi, ka daure da tsawon rubutun.

Farko ƙaramin rami ake fara tonawa har ƙasa, ba a buɗe shi da faɗin da ake so tukuna. Ana tono ana ɗibar ƙasar da ke fitowa duk mita ɗaya ko biyu ana jerawa ana rubuta zurfi, kuma ka tuna ƙasar tana ɗaukar lokaci kafin ta iso sama, wadda ta fito yanzu ba ta inda bakin ƙarfen yake yanzu bace, mai rubutu ya san wannan. In an kai ƙasa kafin a saka komai sai a zura na'urar login, ta auna gamma, wato wani haske da ido baya gani wanda ƙasa ke fitarwa, da kuma yadda ƙasar ke tare wutar lantarki. Yumɓu gammarsa sama take, yashi tasa ƙasa. Yashi mai ruwan daɗi yana tare wuta sosai, in ruwan gishiri ne a cikinsa sai kaga layin ya faɗi. Da wannan takardar da ƙasar da aka jera zaka zaɓi hawa uku ko huɗu da suka cancanci wahala, ba kowane siririn yashi ake gwadawa ba.

Gwajin kansa daga ƙasa ake farawa ayo sama. A ɗaura gajeren sikirin, wato bututu mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta ciki, mita 3 zuwa 6, a bakin rodin tono a zura shi daidai hawan da ake so. A ƙasansa akwai toshi na bentonayit, sai a zuba tsakuwa ta rufe sikirin ɗin, sai wani toshin bentonayit a sama, ni ina son mita 2 zuwa 3 kowanne, a bar shi ya jiƙa ya kumbura. Kaga kenan ka gina 'yar ƙaramar rijiya ta wucin gadi wadda hawa ɗaya tak take sha. Sai a fara hura iska ta cikin rodin don a wanke lakar, in ruwa ya fara washewa sai a cire iskar a zura ƙaramin sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, da sumon ake ɗibar samfur. An gama sai a ja rodin sama, a cike ramin zuwa ƙarƙashin hawa na gaba, a sake sabon toshi, a maimaita. Duk abinda aka zuba ɗin nan zai fita lokacin da ake buɗe ramin.

Abinda nake so ka sa ido a kai ba kwalba bace, toshin ne. Ruwan lakar da ke tsakanin rodi da bangon rami a cika shi fal ka yi masa alama. In an kunna famfo kaga yana sauka to toshin sama yana yoyo, abinda kake ja ruwan rami ne, a sake shi kawai kar a tsaya musu. Alama ta biyu, duk hawa ka auna inda ruwansa ya tsaya a cikin rodin bayan ya huta. Hawa biyu da yumɓu mai kauri ya raba su sau da yawa tsayinsu ba ya zama ɗaya, in kaga duk huɗun sun baka lamba ɗaya cif kuma EC, wato awon yadda ruwan ke ɗaukar wutar lantarki mai nuna yawan gishirinsa, shima ɗaya, ni dai zan fara zargin toshin kafin in ce ƙasar ce haka.

A ramin dutse da bango ke tsayawa da kansa ba sai anyi wannan wahalar ba, akwai faka, roba ce kamar balan-balan guda biyu sama da ƙasa, a hura su da ruwa ko iskar naitirojin su matse bango, sai a ja ruwan tsagar da ke tsakaninsu. A yashi dai ba ta kamawa.

SabonShiga:

Kai Allah ya ƙara basira yallabai, yanzu na fara ganewa. To amma tsawon wane lokaci za a ja ruwan kafin a ɗiba? Mai tonon cewa yayi da zarar ruwa yayi fari shikenan.

'YarLab:

A'a malam, fari ba shine ba wallahi. Nasha karɓar ruwa garau kamar na roba amma pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa, 9 da wani abu sodiyam ya hau, kana gani kasan laka ce bata gama fita ba, saboda masu tono suna zuba soda a ruwan laka don bentonayit ya kama, shi kuma bentonayit ɗin yana sakin sodiyam yana riƙe kalsiyam.

Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce a zubar da ninki uku na ruwan da ke cikin bututu. Bututu mai inci 4 yana ɗaukar kusan lita 8 a kowace mita, in ruwa ya cika mita 100 lita 800 kenan, sau uku 2,400. Amma wannan na rijiyar da aka riga aka wanke ne, a ramin laka ninki uku ko kusa bai kai ba, awanni ake yi wani lokacin yini. Ka nemi 'yar mitar hannu mai auna EC da pH da zafin ruwa, ka riƙa aunawa duk minti 10 ko 15 kana rubutawa. Sai ka samu karatu uku a jere pH bai motsa fiye da 0.1 ba EC bai motsa fiye da kashi 3 cikin 100 ba sannan ka buɗe kwalba. Kuma dan Allah ka ɗebi ruwan tankar da suke tono da shi kwalba guda ka kawo tare, in sakamakon wani hawa yayi kama da na tanka ai ka san labarin.

Dalilin da yasa yallabai yace da sumo ba da iska ba, iska tana canza ruwan. Ƙarfen da ke narke a ciki da ya haɗu da iska sai ya zama tsatsa ya kwanta, in akwai gubar asenik tana bin tsatsar ta kwanta tare da ita, sai lab ya baka lamba mai kyau ta ƙarya. pH ma hawa yake yi. Gishiri da naitiret da fulorayid dai basu cika damuwa da iska ba.

Kwalabe kuma ba guda ɗaya bace. Ta ƙarafa a tace ruwan da matatar maikiron 0.45 nan take a wurin, a ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, lab ne zai baka ita a shirye. Ta naitiret ba a sa mata wannan asid ɗin ko kusa, shi kansa naitiret ne, sanyi kawai, a saka ta cikin kula mai ƙanƙara wajen digiri 4, ta iso cikin awa 48. Ka cika kwalba har baki kar ka bar iska, ka rubuta zurfi da lokaci a jikinta ba a murfi ba, murfi yana musanyuwa. Gwajin ƙwayoyin cuta kuma ni shawarata ka bari sai an gama rijiya an wanke ta da kulorin, a ramin da ake tono da ruwan tanka ba abinda zai gaya maka.

Ƙarin abu ɗaya, wancan 90 ɗin naku ka duba takardar da kyau. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ne a lita in an rubuta shi a matsayin naitiret, in kuma a matsayin naitirojin aka rubuta to 11 ne, wasu lab haka suke rubutawa mutane su rikice. Ko ta wanne dai kun wuce, kar a haɗa wa jarirai madara da shi, tafasawa ma ba ta cire shi sai dai ta ƙara masa ƙarfi.

TsohonMaiTono:

Duk abinda suka faɗa gaskiya ne amma bari in faɗi ɓangaren da masu takarda basa faɗa. Kowane hawa yini guda zai ci in komai ya tafi daidai, hawa huɗu kusan sati kenan injin yana tsaye da ma'aikata da mai, kar kayi mamaki in mai tononka ya ɓata rai, ba a cikin jingarsa yake ba. Kuma ramin laka ba ya son jira, yumɓu yana kumbura, yashi yana zubowa. Na taɓa barin sikirin cikin tsakuwa ya kwana saboda sumo ya lalace, da safe ja muke yaƙi motsi, rodi takwas muka bari a ƙasa har yau suna can. Don haka ku rubuta a yarjejeniya tun yanzu wa zai ɗauki asara in ƙarfe ya maƙale.

Ni a ganina ga bohol mita 140 ba sai kayi huɗu ba. Na sama ka riga ka san halinsa, tsohuwar bohol ɗinku ta gwada maka shi kyauta. Kayi login, ka gwada biyun ƙasa, shikenan.

MaiDubanƘasa:

Baba na yarda da kai a kan biyu, sai dai in login ya nuna wani abu daban. Amma kar a ɗauka duk na ƙasa mai kyau ne. Naitiret daga sama yake zuwa, masai da taki, shi yasa yake raguwa in an nutsa. Fulorayid kuma daga jikin ƙasar yake narkewa, ruwan da ya daɗe a ƙasa wani lokacin shi yafi yawansa, iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Gishiri ma a wurare da yawa ƙasa-ƙasa yake ƙaruwa. A Bangaladash kuma akasin haka aka gani da asenik, tun da aka gano shi a rijiyoyinsu a 1993, marasa zurfi ne suka fi wuce iyakar miligiram 0.01 a lita, waɗanda suka haura mita 150 galibinsu lafiya lau. Ba ka sani sai ka auna.

SabonShiga ga lissafin da zaka nuna wa masu biyan kuɗi. A ce hawan sama yana bada lita 3,000 a awa da naitiret 90, na ƙasa lita 1,000 da naitiret 10. In mai tono ya saka sikirin a duka biyun don ya burge ku da yawan ruwa, 3 sau 90 a tara da 10 a raba 4, ka samu 70. Kun kashe kuɗin mita 140 kuna shan ruwan mita 45. Kuma ko ba a sa sikirin a sama ba, in aka zuba tsakuwa tun daga ƙasa har baki babu toshi a daidai yumɓun da ya raba su, na saman zai bi ta tsakuwar ya gangaro, ko famfo a kashe yake, har ya ɓata hawan ƙasan da kansa. Saboda haka a rijiyar dindindin ɗin ma sai an sa bentonayit ko siminti a wannan gurbin. Tsohuwar bohol ɗin kuma in zaku daina amfani da ita a cike ta da siminti kar a barta a buɗe.

SabonShiga:

Madalla, Allah ya saka da alheri duka. Na kira mai tonon yanzu, yace login zai iya kiran masu yi, gajeren sikirin ma yana da shi, amma ƙaramin sumon da zai shiga cikin rodinsa ne babu, cikin rodin inci 2 da ɗan abu ne kawai wai.

TsohonMaiTono:

To kar ya yi da rodin. Ya ɗaura sikirin ɗin a fayif ɗin ƙarfe mai inci 4, sumo mai inci 3 zai shiga. Ka ce masa ƙarfe nace, na roba tsinkewa yake in an zo ja daga cikin tsakuwa. Ƙaramin ramin nasa inci nawa ne tukuna? In bai kai 8 ba tsakuwar ma ba zata sami hanyar sauka ba.