Federer, Nadal ko Djokovic: wa ya fi kowa a tarihin tanis na maza?

Abban Sadik, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri in fara da abin da ya jawo ta.

Shekaranjiya bayan isha'i muna shan iska a tsakar gida, babban ɗana ya ce min, "Abba, har yanzu Federer kake kira sarki, alhali Djokovic ya wuce shi a komai." Na ce masa kai yaro ne, ba ka ga zamanin mutumin ba. Ya ce to in kawo hujja. Wallahi na rasa ta cewa, kuma abin ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri.

Ni tun 2006 nake kallon tanis, a gidan wani kawuna mai dish. Abin da ya fara kama ni shi ne yadda Roger Federer ke tafiya a fili, kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Bugun bayan hannunsa da hannu ɗaya yake yi, kansa a tsaye, idonsa na nan inda ƙwallon ta bar raket ko bayan ta tafi. Ba ya nishi, ba ya gumin kirki. Makonni 237 ya yi a jere yana lamba ɗaya a duniya, ya ɗauki Wimbledon sau 8, ya kai wasan kusa da na ƙarshe sau 23 a jere a manyan gasanni huɗu na tanis, wato na Ostiraliya, Faransa, Wimbledon da Amurka. Shekara huɗu da rabi kenan ba wanda ya ture shi daga saman tebur.

Amma akwai ranar da ba na mantawa, Lahadi 14 ga Yulin 2019, wasan ƙarshe na Wimbledon. Mu huɗu muka roƙi mai gidan kallon unguwarmu ya kunna mana ƙaramar talabijin ta lungu, muka haɗa masa kuɗin man janareta, don an ɗauke wuta tun safe. Ƙarfe biyar jama'a suka cika gidan saboda wasan Sanagal da Tunisiya na kofin Afirka, aka kashe mana murya, muka ci gaba da kallon hoto kawai. A set na biyar, wato zagayen ƙarshe na wasan, Federer yana gaba 8-7, sabis a hannunsa, 40-15. Maki ɗaya ya rage ya ɗauki kofi, kuma dama biyu gare shi. Na riga na miƙe tsaye, hulata a hannu. Ta farko ya buga waje. Ta biyu ya taho raga, Djokovic ya zura masa ƙwallo ta gefe ta wuce. Aka ƙare 13-12, bayan awa 4 da minti 57. A wasan nan Federer ya ci maki 218, Djokovic 204, amma kofi na Djokovic. Daren ranar kuma Mahrez ya fitar da Najeriya da bugun tazara a mintin ƙarshe. Ko tuwo ban ci ba na kwanta.

To tambayata ita ce: da me ake auna wanda ya fi kowa? Idan da kofi ne, na san amsar. Amma ashe kyawun wasa da abin da mutum ya sa wa zukatan masu kallo ba su da nauyi ko kaɗan?

Mubarak_Nole, Kaduna

Wa alaikumus salam Baba. Da girmamawa, labarin da ka bayar shi ne amsar tambayarka. Mutum ya fi ka cin maki, mutanen filin kusan dukkansu na bayansa, amma a maki ukun nan ko huɗu da ke raba gardama kai ne kake tsayawa daram. Kuma ba ranar ce farau ba. A US Open, gasar Amurka, na 2010 da na 2011, duk a wasan kusa da na ƙarshe, sau biyu-biyu Federer yana samun makin gama wasa, Djokovic yana ƙwacewa. Abin da ya faru sau uku ya wuce a kira shi sa'a.

Sai lissafi. Djokovic na da manyan kofuna 24, Nadal 22, Federer 20. Makonni 428 a lamba ɗaya, Federer 310. Ya rufe shekara yana na ɗaya sau 8. Kofunan Masters 40, wato gasanni tara da ke bin manyan huɗun a daraja, kuma babu ɗaya cikin taran da bai ci aƙalla sau biyu ba. Kowace babbar gasa ya ɗauke ta aƙalla sau uku: Ostiraliya 10, Wimbledon 7, Amurka 4, Faransa 3. Gaba da gaba ya doke Federer sau 27, Federer ya doke shi 23. Da Nadal 31 da 29. Abu ɗaya ake masa gori da shi, zinaren Olympics, shi ma ya je Paris a 2024 yana da shekara 37 ya doke Alcaraz, watanni biyu bayan an yi masa aiki a gwiwa.

Ku tuna kuma daga inda ya fito. Yaron Belgrade ne da ya yi atisaye a 1999 ana ruwan bama-bamai a garinsu. Ya shigo ya tarar manya biyu sun raba duniya tsakaninsu, ba wanda ya gayyace shi, ya kutsa ya wuce su. Na yarda yana da halin da ke ɓata wa mutane rai, an kore shi daga US Open a 2020 bayan ƙwallon da ya buga cikin fushi ta sami wata mai duba layi a wuya. Wannan laifi ne, amma bai rage masa kofi ko ɗaya ba.

Maman Iman, Maraɗi

Ni dai Malam Mubarak ba zan yi musun lissafinka ba. Amma ku gaya min, a duk wasannin duniya, wa ya taɓa mallake wuri ɗaya kamar yadda Rafael Nadal ya mallake Roland Garros, gasar Faransa? Kofi 14. Wasa 112 ya ci a can, 4 kacal ya faɗi. Har sunayen waɗanda suka kayar da shi an haddace saboda ƙarancinsu: Söderling a 2009, Djokovic sau biyu, sai Zverev a 2024 lokacin jiki ya riga ya ƙi.

Nan gidanmu tashoshin Faransa muke kamawa, don haka duk ƙarshen Mayu jar ƙasar Paris muke kallo, ni da maigida. Lokacin da Nadal ke wasa, ina son yadda yake jera gorunan ruwansa biyu a gaban kujera, ya gyara su da kyau, sannan ya fito ya bi kowace ƙwallo kamar ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Mutumin nan da ciwon ƙashin ƙafa ya yi kusan duk wasansa, tun 2005 aka gano shi. A 2022 sai da aka riƙa kashe masa jijiyar ƙafar da allura kafin ya shiga fili, kuma ya ɗauki kofin. Farkon shekarar nan ne ma Medvedev ya ci shi set biyu a wasan ƙarshe na Ostiraliya, ya farfaɗo ya cinye ukun da suka rage.

Abban Sadik, kada ka ji haushina, amma Federer ɗinka a ganiyarsa ma Nadal ne ƙashin wuyansa. A haɗuwarsu Nadal ya ci 24, Federer 16. Har ciyawar Wimbledon ya bi shi a 2008 ya karɓe kofi, 9-7 a set na biyar, duhu ya fara rufe fili.

Sani K.

Ku jira matasan nan, Alcaraz da Sinner, su gama tukuna. Pete Sampras na Amurka ma da ya tsaya a manyan kofuna 14 an ce ba mai kamo shi, ga shi mutum uku sun wuce shi.

Alhaji Dattijo, Kano

'Ya'yana, na karanta duka, kowa ya yi magana mai ma'ana. Amma ku ce "na zamaninmu", don tanis ba a 2003 ya fara ba.

Ni da raket na katako na koya. Fuskarsa ƙarama ce, yana da nauyi, in ba ka sami tsakiyarsa ba sai ka ji zafin har kafaɗa. Bayan an gama wasa sai mu sa shi cikin matsi mu ɗaure da noti don kada damina ta lanƙwasa shi. Da irin wannan Rod Laver na Ostiraliya ya cinye manyan gasanni huɗun nan duka cikin shekara ɗaya, a 1962, ya sake a 1969. Har yau babu namijin da ya maimaita tun bayansa. Djokovic ya zo bakin ƙofa a 2021, saura wasa ɗaya, Medvedev ya tare shi a New York. Kuma daga 1963 zuwa 1967 an hana Laver shiga waɗannan gasanni saboda ya koma wasan kuɗi, sai 1968 aka buɗe wa kowa. Shekara biyar na ƙuruciyarsa kenan. Kofi 11 da kuke gani a gaban sunansa ba su ne iyakar ƙarfinsa ba.

Haka Björn Borg na Suwidin: Faransa 6, Wimbledon 5 a jere daga 1976 zuwa 1980, ya ajiye raket yana da shekara 26, kuma sau ɗaya tak ya je gasar Ostiraliya, don a lokacin manya da yawa ba su damu da ita ba. Ƙidayar kofunan nan da ake yi yanzu, su ba ita suka sa a gaba ba.

Ni wanda na fi girmamawa ma Arthur Ashe ne, baƙar fata ɗaya tilo cikin maza da ya ci Wimbledon, a 1975. Yana Legas yana buga gasa a Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan bayan kashe Janar Murtala, sojoji suka shiga fili da bindiga suka tsayar da wasan. Shi ne kuma ya ga Yannick Noah yana yaro a Yawunde, ya yi masa hanya zuwa Faransa. Ban ce ya fi su Djokovic wasa ba. Amma in an tambaye ni wa ya sa na ɗauki raket, shi ne.

Abban Sadik, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, maganar hana Laver shekara biyar ban taɓa ba ta nauyin da ya kamata ba.

Mubarak, na karɓi maganarka. Abin da ya karya ni shi ne 2010 da 2011 da ka tuno, don duka biyun na kalla, na kuma daɗe ina ce wa kaina sa'a ce. In za a ce rayuwata ta rataya a kan maki ɗaya, Djokovic zan ba raket. Yau da safe na kira Sadik na gaya masa ya fi ni gaskiya, Djokovic ne ya fi kowa a cikin ukun.

Sai dai na ce masa da sharaɗi. Daren Juma'a zai zauna kusa da ni mu kalli set na biyar na wasan ƙarshe na Ostiraliya na 2017, inda Federer ya dawo daga jinyar gwiwa ta wata shida, yana da shekara 35, Nadal na gaba 3-1, ya cinye wasa biyar a jere. Ina son ya ga bayan hannun nan da idonsa. Maman Iman, ki yi haƙuri da wannan zaɓin.