Wai wanda ya sayi fulat a Abuja iska ya saya?

Alhaji Babba: Duk wanda ya tara miliyoyinsa ya sayi fulat a hawa na biyu, bai sayi gida ba, iska ya saya. Ƙasan ba tasa ba, rufin ba nasa ba, matakalar ma ta gayya ce. Ranar da ginin ya tsage, me zai nuna wa 'ya'yansa? Taras kuwa, wato gidajen nan da ake ginawa a jere manne da juna, ko da bangonka ya haɗu da na maƙwabci, tun daga tushe har kwano naka ne. Ina jiran mai ja.

Barista: Alhaji, ni ce mai ja, amma ba ta inda kake zato ba. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne amana, ta Abuja kuma tana hannun gwamnatin tarayya ta hannun ministan birnin. Abin da ake ba mutum izinin zama ne, galibi na shekara 99. To a yawancin rukunin gidajen da kamfanoni ke ginawa a Jahi, Life Camp, Lokogoma da Karsana, takarda ɗaya ce tak ga filin baki ɗaya, da sunan kamfanin. Mai taras da mai fulat duk abu ɗaya suke riƙe da shi: wasiƙar rabo, rasit, da yarjejeniyar da kamfani ya sa wa hannu. In ba a yanka maka naka an yi masa rajista a AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, da amincewar minista ba, ƙasar da kake taƙama da ita a idon hukuma ta kamfani ce.

Alhaji Babba: Takarda daban, ƙasa daban, Barista. Ni ina taka tawa da ƙafata.

Barista: Waɗanda aka soke wa takardu a 2025 su ma suna taka tasu. Ministan Abuja Nyesom Wike ya soke dubban filaye a shekarar saboda an daɗe ba a biya harajin ƙasa ba. In kamfanin da ya sayar maka bai biya ba, ko ya jinginar da babbar takardar a banki, ba za a tambaye ka ko a ƙasa kake kwana ko a sama ba.

Maman Sadik: Ku kuna ta takarda, ku bar ni in yi maganar zama. Mu taras muke haya, mai hawa uku. Ƙasa falo ne da kicin da ɗan banɗakin baƙi wanda ko juyawa ba a yi a ciki. Ɗakuna duk suna sama. Hajiyarmu ta zo jinya daga gida da ciwon gwiwa, sai a falo muka shimfiɗa mata katifa, wanka kuwa sai an kama ta an hau da ita bene, don banɗakin ƙasa masai ne kawai da wurin wanke hannu. Wanda ya zana gidan nan bai taɓa riƙe tsohuwa ba. Fulat ɗin ƙanwata duk a shimfiɗe yake, ɗaki uku, kowanne da makewayinsa. Alhaji, ka ce min wanne ne gida?

Alhaji Babba: Hajiya, fulat ɗin ƙanwar taki a hawa na nawa yake?

Maman Sadik: Na biyu.

Alhaji Babba: To da me tsohuwar za ta hau can? Ko lif ɗin da ke jiran wutar NEPA?

Maman Sadik: Sau ɗaya za ta hau ta zauna wata guda. A nan kullum sai an hau an sauka.

Injiniya: Maganar Maman Sadik ta kawo mu inda rigimar take. A aikina, abin da ya fi haɗa maƙwabta faɗa a gidajen nan ba fili ba ne, ruwan banɗaki ne. A benen fulat ana jera banɗakuna ɗaya bisa ɗaya don su zuba a bututu guda. Tsari ne mai kyau in an shafe dekin da maganin hana yoyo kafin a sa tayil. Wasu 'yan kwangila suna tsallake wannan don ba a ganinsa. Bayan damina biyu sai silin na ƙasa ya fara baƙi, fenti ya kumbura. Na sama ya ce shi bai ga komai ba, na ƙasa ya ce a fasa tayil, kamfani ya ce ya miƙa makulli tuntuni. A nan Alhaji yana da gaskiya: a taras, in banɗakinka ya yi yoyo, falonka yake jiƙawa, kai za ka kira mai famfo, magana ta ƙare.

Amma taras ma yana da nasa ciwon. Na tsakiya ba shi da taga sai gaba da baya, gefe biyu bango ne. Kowa kuma yanzu so yake kowane ɗaki da banɗakinsa, sai mai zane ya cusa ɗaya ko biyu a tsakiyar gini inda ba iska ba rana, a maƙala ƴar fanka. Wuta ta ɗauke, danshi ya zauna, wari ya shiga ɗakin kwana. Ga rufi a haɗe, ga sokawe sau da yawa ɗaya ce ga layin duka. Ni da banɗaki biyar marasa taga, gara uku masu taga.

Malam: Allah ya saka, Injiniya. Ina so in gyara kalmar iska da Alhaji ya yi amfani da ita. Malamanmu na Malikiyya sun san mallakar sama da ƙasa tun kafin a san siminti. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce gyaran ginin ƙasa yana kan mai ƙasa, in ya raunana a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Ke nan mai sama yana da haƙƙi tabbatacce, ana sayarwa, ana gada. Abin da muka rasa ba halacci ba ne, mai tilastawa ne.

Baban Ummi: Malam, tunda ka shigo: taras ɗin da na duba a Dawaki, masan ɗakin maigida yana kallon gabas. Matata ta ce sam. Ya abin yake?

Malam: Hanin fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan buƙata ya tabbata a hadisin Abu Ayyub. A mazhabarmu an ɗauke shi a kan fili, a cikin gini an yi rangwame saboda hadisin Ibn Umar. Ba zan ce ka bar gida don wannan ba. Amma in hankalin uwargida bai kwanta ba, a juya shi. Alƙiblar Abuja ma gabas ce da karkata zuwa arewa, ka auna tukuna.

Injiniya: Kuma juyawar a taras ta fi sauƙi. A fulat bututun ya ratsa silin ɗin wani, sai ka roƙe shi.

Alhaji Babba: Kun ji ko. Masanka ma sai da izinin maƙwabci.

Yaya na Amurka: Bari in ƙara wa Alhaji ƙarfi kaɗan. A nan doka ta tsara komai: mai fulat ya mallaki cikin ɗakunansa da kaso a ginin, ƙungiyar masu gida na karɓar kuɗi duk wata. Duk da haka a Yunin 2021 wani bene ya rufta a Surfside ta jihar Florida, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa simintin ya lalace, gyaran ya kai kusan dala miliyan 15, aka yi ta jan ƙafa. In masu doka sun sha wuya wajen haɗa kuɗin gyara, ina ga inda rabin mazauna ba sa biyan kuɗin man janareto?

Barista: Kuɗin hidima ai mai taras ma yana biya: maigadi, shara, bohol, fitilun layi. Kuma Baban Ummi, in da rancen Asusun Gidaje na Ƙasa za ka saya, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, ruwansa kashi 6, to bankin ba ya tambayar siffar gida, takarda mai kyau yake nema. Ka je AGIS a bincika maka fayil kafin ka ba dillali ko sisi.

Maman Sadik: Ka kuma ce su cire bahon wankan nan na Turawa, ba mai shiga, sai tara bokitai. A sa shawa, a yi ƴar dakalin alwala, a bar ɗaki ɗaya a ƙasa da cikakken banɗaki.

Baban Ummi: Ɗakin ƙasa babu a wanda na gani, sai boskwata a baya.

Maman Sadik: Mahaifiyarka za ka kai boskwata?

Alhaji Babba: Ya fasa bangon sito ya yi mata ɗaki. A fulat wane bango zai fasa?

Injiniya: Kada ya taɓa ko bulo ɗaya sai na ga zanen ginin, Alhaji. Wani bangon shi ke ɗauke da benen maƙwabcinsa.