"Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya": ita ce maganar Yesu?

Ƙanwarku: Salama gare ku. Jiya muka yi musu da yayana. Ya ce wannan karin magana daidai take da abin da Yesu ya faɗa a Matiyu 20:16, cewa na ƙarshe za su zama na farko, na farko kuma na ƙarshe. Ni dai raina bai kwanta ba. Manya, ku raba mu.

Mai Gardama: Yayanki ya yi gaskiya. Mai kuɗin yau shi ne mai roƙon gobe. Yakubu 1:10-11 ma ya kamanta mai arziki da furen ciyawa, rana ta yi zafi ya bushe. Me ya rage?

Dattijo: Ɗana, sannu a hankali. Ka tuna inda ayar nan ta Matiyu ta fito: ƙarshen wani misali ne da Yesu ya bayar. Mai gonar inabi ne ya ɗauki ma'aikata, wasu tun da sassafe, wasu saura sa'a guda a tashi, amma da yamma kowa dinari ɗaya ya samu. Wa ya koma baya a nan? Na safe bai rasa ko kaɗan daga abin da aka yi yarjejeniya da shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne an daidaita shi da na yamma. Karin maganarmu juyin zamani take nufi, wanda ba ya shawara da kowa. Misalin nan kuwa a kan alherin mai gona yake.

Kuma ku lura da lokacin da mukan jawo ta. Sai babban mutum ya faɗi, mu taɓe baki mu ce "ai duniya rawar 'yan mata". Rabin ta'aziyya ce, rabi dariyar ƙeta.

Ƙanwarku: Baba, wannan ta ƙarshen ta same ni. Na taɓa faɗarta a kan wata da ta raina ni lokacin da take da hali, kuma har ga Allah daɗi na ji.

Malamar Yara: 'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce. Ni in za a nema wa koyarwar Yesu karin magana, gara "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne". A Luka 14 ya ga waɗanda aka gayyata suna rububin kujerun gaba, sai ya ce ka je da kanka ka zauna can ƙarshe. A rawa juyi ne yake mayar da kai baya. A nan kai ne ka taka da ƙafarka.

Mai Gardama: To ai wannan ma dabara ce, Malama. Ka zauna baya don maigida ya ce "matso gaba", kowa ya gan ka. Girman kai ne ya sa rigar tawali'u.

Malamar Yara: Ka ci gaba da karantawa zuwa aya 14. Ya ce wa maigidan in zai yi biki ya kira matalauta, guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama masa ba. Ina dabara a wurin ciyar da wanda ba zai taɓa gayyatarka ba?

Dattijo: Nan kuɗi suka shigo. Wanda ya riƙe "na gaba ya koma baya" kaɗai, tsoro zai sa ya ƙara ƙulle dukiyarsa, kamar mutumin Luka 12 da ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, a daren aka karɓi ransa. Bulus kuwa a 1 Timoti 6:17-18 bai ce wa masu arziki su zubar da shi ba. Cewa ya yi kada su yi girman kai, kada su dogara da shi, su zama masu sakin hannu.

Mai Gardama: Na ji, Baba. Amma ba zan yar da karin maganar ba. Mai zoben zinariyan da ake ba wuri mai kyau a Yakubu 2, a ce wa talaka ya tsaya can, wani lokaci ita kaɗai ce take shiga kunnensa.

Ƙanwarku: Bari in tura wa yayana duka. Na san zai ce Mai Gardama ne ya ci.