Neman kalmar Hausa: me za mu kira "intellectual property"?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Saura makonni kaɗan in zauna jarrabawar ƙarshe a darasin dokokin ƙasa da ƙasa kan abin da Turawa ke kira "intellectual property", kuma idan ina bita nakan mayar da kowace ƙa'ida cikin Hausa a gefen takarda, domin abin da na kasa faɗa da harshena na san bai zauna mini ba tukuna. To, tun a kan sunan darasin na cije. Da farko na rubuta "haƙƙin mallaka" kamar yadda muke gani a shafin farko na littattafai, sai na lura cewa wannan ya riga ya zama sunan reshe guda, wato haƙƙin marubuci a kan rubutunsa, alhali darasin ya tattaro sabuwar ƙirƙira da tambarin kamfani da sirrin kasuwanci duka. Na soke shi na rubuta "mallakar tunani", ina bin sahun Larabawa da suka ce al-milkiyya al-fikriyya, amma hankalina bai kwanta da ita ba. Ina roƙon masana su taimaka.

Wani lauya:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka soke "mallakar tunani" tun kafin ta bi ka ɗakin jarrabawa, domin ta ci karo da doka kai tsaye. Buɗe yarjejeniyar TRIPS, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta tsara wannan fanni ta fuskar ciniki, wadda aka sanya wa hannu a Marrakesh a 1994 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995 tare da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ka duba sakin layi na 2 a sashe na 9: kariyar haƙƙin marubuci tana kan yadda aka bayyana abu, ba ta shafi ra'ayin kansa ko hanyar aiki ko ƙa'idar lissafi ba. Idan mutum biyu suka yi tunanin rubuta labarin maraya da ya zama attajiri, babu wanda zai kai ɗan'uwansa kotu a kan tunanin, sai fa idan ɗaya ya kwashe jimlolin ɗayan. Ɗalibin da ya haddace cewa tunani ake mallaka, a tambayar farko zai ba mai ƙara gaskiyar da ba tasa ba.

Wata malamar harshe:

Na yarda da Barista, kuma zan ƙara da cewa kalmomi biyu ne suka cancanci a auna su, basira da fasaha. Basira baiwa ce da ke cikin mutum, ba a sayar da ita, ba a kuma gadar da ita a kotu, saboda haka "dukiyar basira" tana da daɗin ji amma tana nuni ga mai aikin maimakon aikin. Fasaha kuwa ta fi faɗi a bakin Bahaushe, domin muna kiran mawaƙi mai fasaha, muna kuma cewa kimiyya da fasaha idan ana zancen injina da kwamfuta. Wannan faɗin ya yi daidai da tarihin fannin, wanda ya taso da ƙafa biyu: yarjejeniyar Paris ta 1883 kan ƙirƙira da tambari, da yarjejeniyar Bern ta 1886 kan adabi da ayyukan zane da kiɗa, kafin a kafa WIPO, hukumar da ke kula da wannan fanni a duniya, da yarjejeniyar 1967, wadda hedikwatarta ke Geneva. Ban da haka, gidajen rediyo sun daɗe suna cewa "mallakar fasaha", kuma kalmar da kunne ya saba da ita ba a korar ta sai da hujja mai ƙarfi.

Mai tambaya:

Na gode Malama, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai abu biyu suna damuna. Na farko, tambari ba lallai ne ya ƙunshi wata fasaha ba, domin kalma ɗaya tak tana iya zama tambari muddin tana bambanta kayan wani da na wani. Na biyu shi ne kalmar mallaka kanta. A jadawalin da na zana na manna a bango, layin farko ya ce kariyar ƙirƙira shekara 20 ce daga ranar shigar da takardar neman kariyar, na biyu ya ce haƙƙin marubuci a ƙarƙashin Bern tsawon ransa ne da ƙarin shekara 50 aƙalla, na uku ya ce rajistar tambari ba ta gaza shekara 7 kuma ana sabunta ta ba iyaka. Wanda ya mallaki gida ba a ce masa bayan shekara 20 gidan ya zama na kowa, kuma idan aka ƙwace gidan ya rasa shi, alhali wanda aka kwafi littafinsa yana nan riƙe da nasa.

Wani lauya:

Wannan ƙorafin ba Hausa kaɗai ya shafa ba, masana a Turai da Amurka sun daɗe suna jayayya kan ko kalmar dukiya ta dace da wannan fanni. Shawarata ita ce a sa "haƙƙoƙi" a gaba, da jam'i, a ce "haƙƙoƙin mallakar fasaha". Abin da doka ke bayarwa shi ne ikon hana wasu kwafa ko ƙera ko sayarwa na wani lokaci, kuma jam'in zai riƙa tuna maka cewa haƙƙoƙin iri-iri ne, kowanne da sharaɗinsa. Haƙƙin marubuci yana samuwa ba tare da rajista ba, kamar yadda sashe na 5 na Bern ya tanada, amma mai ƙirƙira sai ya nema. Jam'in zai kuma tuna maka abin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai, wato babu wata takardar ƙirƙira ta duniya baki ɗaya: kowace ƙasa ko yanki ke ba da tata, abin da Paris ta yi shi ne ta ba mai nema wata 12 ya shigar da takarda a sauran ƙasashe da kwanan watan farko, mai tambari kuma wata 6. Batun tambari kuwa gaskiyarka ce, fasaha ba ta rufe shi sarai ba, amma kalmar Turancin ma ba ta rufe shi ba.

Wata malamar harshe:

Idan aka karɓi wannan, sai a ba kowane reshe sunansa. A ce "haƙƙin mawallafi" ga na littafi da waƙa, wanda ya yi kusa da yadda Faransawa ke jingina haƙƙin ga mai aikin, "haƙƙin ƙirƙira" ga na injina da magunguna, sai "tambarin kasuwanci" da "sirrin kasuwanci".

Mai tambaya:

Na karɓa, na kuma gyara kan jadawalin zuwa "haƙƙoƙin mallakar fasaha a dokar ƙasa da ƙasa", ko da yake har yanzu ina ganin an ɗan matsa wa tambari. Gobe zan shiga sashe na 31 na TRIPS da sanarwar Doha ta 2001 kan lafiyar jama'a, inda gwamnati ke iya ba wani izinin sarrafa magani ba da yardar mai haƙƙin ba, tare da biyansa diyya. A gefen takarda na rubuta "lasisin dole" da fensir, sai na ji ta bakin Barista da Malama kafin in maimaita shi da biro.