Shin duk abin da Fafaroma ya faɗa ba ya kuskure?

'Yar Ƙofar Ƙaura:
Salama gare ku iyayena. Ana ta yawo da saƙo a WhatsApp nan Katsina, wai mu 'yan Katolika mun ɗauki Fafaroma ma'asumi, duk abin da ya furta ya zama doka. Matasan ajin katikisma sun dame mu da tambaya. Yaya koyarwar take, kuma ta yaya ake gane maganar Fafaroma da ake ɗauka marar kuskure?

Baba Katikis:
'Yata, fara raba musu abu biyu. Coci ba ta taɓa cewa Fafaroma ba ya zunubi ba. Shi ma yana durƙusawa gaban fada, wato firist, ya furta zunubansa. Abin da Majalisar Batikan ta Farko, babban taron bishop-bishop na duniya, ta zartar ranar 18 ga Yuli 1870, zamanin Fafaroma Pius na 9, shi ne Ruhu Mai Tsarki yana tsare shi daga kuskure a koyarwa, kuma sai sharuɗɗa sun cika gaba ɗaya. Ya yi magana daga kujerar Bitrus, wato da ikonsa na magajin Manzo Bitrus, a matsayin makiyayin dukan Kiristoci, batun ya shafi bangaskiya ko ɗabi'a, ya yanke hukunci na ƙarshe, kuma ya bayyana cewa dukan Coci ce za ta riƙe shi. In sharaɗi ɗaya bai cika ba, magana ba ta shiga ba. Hira da 'yan jarida cikin jirgi, wa'azin Lahadi, ra'ayi kan siyasa ko tattalin arziki, duk suna waje. Tun 1870, irin wannan hukunci da kowa ya amince a kai guda ne: 1 ga Nuwamba 1950, da Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama, jiki da rai. Shi ma sai da ya tuntuɓi bishop-bishop na duniya tukuna.

Ɗan Malumfashi:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara inda mutanenmu ke zamewa. Da sun ji haka sai su ce to sauran koyarwa zaɓi ne. Ba haka ba ne. Majalisar Batikan ta Biyu, a 1964, ta ce koyarwar yau da kullum ta Fafaroma da ta bishop ana binta da biyayyar zuciya da hankali, ko ba a yanke mata hukuncin ƙarshe ba. Saboda haka wasiƙar da Bishop Gerald Mamman Musa na Katsina zai aiko a karanta a majami'u tana da nauyinta. Sannan bishop-bishop duka, in suka haɗu da Fafaroma a babbar majalisa suka yanke batun bangaskiya, su ma wannan kariyar ta rufe su.

Malama Daura:
'Yar'uwa, ki shirya, za a jefo miki Fafaroma Honoriyus, wanda babbar majalisar bishop-bishop ta Kustantiniya ta la'anta a 681 kan kuskuren koyarwa, da Bulus da ya tsawata wa Bitrus a Galatiyawa 2:11. Kada ki musanta, sun faru. Amsar Coci ita ce Honoriyus wasiƙa ya rubuta wa shugaban cocin Kustantiniya, bai ɗora wa dukan Coci hukunci ba, Bitrus kuwa a halinsa ya kasa. In an turo miki "Fafaroma ya ce", nemi asalin takardar a shafin Batikan, ki duba wa aka rubuta wa. Dokar Coci mai lamba 749 ta ce ba a ɗaukar koyarwa a matsayin marar kuskure sai abin ya fito ƙarara.