Wane suna za mu ba "blocking peptide" da Hausa?

Jama'a, a taimaka da kalma. Ina rubuta wa ɗalibai bayani da Hausa kan yadda ake gwada antibodi (furotin garkuwar jiki mai manne wa abin da ya gane) da ke kama wani furotin mai suna stathmin, na zo kan "blocking peptide" na tsaya cak. Bari in faɗi aikin abin tukuna, don kada mu raɗa suna ba mu ga jaririn ba.

A cikin ƙwayar halitta akwai siraran bututai da ake kira maikirotubul, kaurin kowanne kamar nanomita 25, an gina su da furotin mai suna tubulin. Ba sa zama wuri ɗaya, suna tsawo suna rushewa, abin da Mitchison da Kirschner suka bayyana a 1984. Akwai furotin masu riƙe su kada su rushe, irin su tau da MAP2. Shi kuwa stathmin aikinsa akasin haka ne: yana cafke tubulin bibbiyu ya hana su shiga gini. Mai son ganin stathmin a gwajin Western blot, inda ake jera furotin a kan takarda bisa nauyinsu, sai ya sayi antibodi, ya ga baƙin layi ya fito wajen kilodalton 19 (kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne). To, wa ya ce layin nan na stathmin ne?

Nan abin namu yake shigowa. Gutsuren furotin ne, abin da ake kira peptide ko feftayid, yawanci amino asid 10 zuwa 20, shi ne ainihin wanda aka yi wa zomo allurarsa har jikinsa ya samar da antibodin. Sai ka raba antibodinka a kwalba biyu. Ɗaya ka bar ta yadda take, ɗayar ka zuba mata gutsuren nan da yawa, ninki biyar ko goma na nauyin antibodin, ka ajiye a firji ya kwana. Washegari ka yanke takardar gwajin biyu, kowane ɓari da kwalbarsa. A ɓarin farko layi na nan baƙi ƙirin, a na biyu wurin fari fat, domin antibodin ya riga ya cika bakinsa tun a kwalba.

Da na fara tambayar mutane, wani malami ya kawo "shinge". Malam, da girmamawa, ban karɓa ba. Shinge ana yin sa ne a kewaye gona, mai karatu zai ɗauka stathmin aka kewaye, alhali ko taɓa shi ba a yi ba. Antibodin aka yi wa aiki. "Kariya" ma tana da wata matsalar: akwai matakin da ake jiƙa takarda a ruwan madara maras maiƙo, kashi 5 cikin ɗari, don kada antibodi ya manne ko'ina. Turawa sun ba matakan biyu suna iri ɗaya, "blocking", ɗalibai na ta rikicewa. Mu da muke raɗin suna yanzu, me zai sa mu gaji rikicin wasu? A bar wa madara "kariya", ta dace da ita.

Wata Hajiya ta ce "toshiyar baki", kowa ya yi dariya, amma wallahi ta fi kowa kusa. An ba shi abin da yake so tun kafin ya iso wurin aiki, ya zo ya yi gum. Sai dai Hajiya, ba zan iya sa wa ɗalibi ya rubuta a rahotonsa cewa ya ba da toshiyar baki aka samu sakamako ba. Mu riƙe tushen kalmar, mu ɗauki "matoshi", kalmar da kowa ya sani a bakin kwalba da tulu. Matoshin antibodi ke nan, jam'i matosai.

Wanda na fi ƙi shi ne "feftayid na tabbatarwa", duk da ya fi daɗin ji. Sunan ya yi alkawarin da abin ba zai cika ba. Stathmin yana da 'yan uwa uku, SCG10 da SCLIP da RB3, kuma wani sashen jikinsu ya yi kama da nasa sosai. Idan antibodin yana kama ɗan uwan bisa kuskure, da bakin nan guda yake kamawa. Ka toshe bakin, layin gaskiya ya ɓace, na kuskure ma ya ɓace tare da shi, kai kuma ka tafi da murna. Abin da gwajin ya nuna kawai shi ne layin ta bakin antibodi ya zo, ba datti ba ne. Mai neman tabbaci sai ya nemo ƙwayoyin da aka cire musu ƙwayar gadon stathmin, ya ga ko layin zai fito a can.

Wani ya tambaya ko ba za a bar "feftayid" a ciki ba. A farkon ambato a rubuta "feftayid matoshi", daga nan "matoshi" ya wadatar. Ga yadda na sa shi a takardar ɗalibai: "An kwanar da antibodin stathmin da matoshinsa a firji, layin kilodalton 19 ya ɓace, wani layi da ya fito a samansa bai ɓace ba." Mai gyara ya kawo kafin in buga.