Aiki ya makara: a ƙaro mutane ko a gyara rabon aiki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ma'aikata shida ne, wa'adi ya matso, aiki bai kai rabi ba. Manya sun ce a ƙaro mutum huɗu. Ku da kuka riƙe ma'aikata, me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, fara da lissafi. Mutum shida, in kowa zai yi magana da kowa, hanyoyin magana tsakaninsu 15 ne. In sun kai goma sun koma 45. Sannan sabon zuwa sai an zaunar da shi an koya masa, kuma wanda zai koya masan shi ne gwanin da aikin ke jira. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin kwamfuta na IBM, ya yi wannan gargaɗi tun 1975: ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa jinkiri. Ƙarin hannu yana amfani ne kawai in aikin na rabuwa gida-gida, ba mai jiran wani.

Manajar ofis: Gaskiya ne. Sau da yawa matsalar ba ƙarancin mutane ba ce, takarda ce ke kwana a tebur ɗaya. A rubuta duk ragowar aiki a allo, kashi uku: wanda ba a fara ba, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane aiki a sa masa sunan mutum ɗaya da ranar ƙarewa. Sunaye biyu kam a'a, kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido. Kada kowa ya riƙe fiye da aiki biyu lokaci guda. Cikin mako za a ga inda aikin ya taru, galibi wajen sa hannun shugaban kansa.

Shugaban masana'anta: Hajiya ta taɓo wurin. Ƙari ɗaya: taron safe na minti 15, a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya tsare shi. Amma duk wanda ya kawo matsala aka tsawata masa a gaban jama'a, gobe zai yi shiru, sai ranar miƙa aiki abin ya fito. Toyota ta ba kowane ma'aikaci damar jan igiya ya kira shugaba, har a tsayar da layin haɗa motoci, in ya ga kuskure.

Injiniya: In manya sun dage, a karɓi mutum biyu, a ba su gwaji da rubuta rahoto, kada a sa su tsakiyar aikin.